Lambobi Huɗu

Ashirin da takwas ga wata,
wayar Bappah ke ƙara, ba tawa ba.
Ni na kwana tsaye a ɗakin haihuwa,
na tari 'ya'ya uku kafin assalatu,
shi ya kwana yana ja da munshari,
amma albashina ya san hanyar aljihunsa
kamar akuyar da ta saba da gidan dusa.

Da fari ba ƙwace ba ne.
"Kawo katin in adana miki, Zulai,
'yan damfara sun cika Gombe."
Na miƙa da hannu biyu, har da godiya.
Lambobin nan huɗu na raɗa masa
a wani dare da aka ɗauke wuta.
Na zaci amana nake shukawa,
ashe dabaibayi nake tufka wa ƙafata.

Shekara shida.
Dubu ɗaya kowace safiya a kan talabijin,
kuɗin keke daga Jekadafari zuwa asibiti,
in dawo da canji, in dawo da bayani.
Ranar da na ci awarar ɗari
sai da na rantse sau biyu.
Da Inna ta kwanta a Kumo
na roƙi kuɗin magani daga gumina,
ya ce a bari wata ya mutu.
Inna ta riga watan.

Sahun farko ba ya wuce shi.
Mata na cewa, "Kin dace, mijinki bai san duka ba."
Ciwon da ba ya jini,
wa za ki buɗe wa ya gani?

Sista Rifkatu ce ta gani.
Ta lura ba na zubin adashe,
ana zancen shinkafar rana sai in ce azumi nake.
Ta ce, "Azumin Litinin na sani, na Alhamis na sani,
na Talata fa, na wane ne?"
Na yi dariya har ta juye kuka
a bayan labulen gado na bakwai.

Ba ta ce fita ba, ba ta ce zauna ba.
Ta ce, "Sa takalminki, banki na tashi ƙarfe huɗu."

Sabon layi, sabon asusu.
Akawun ofis ya sauke tabarau,
"Maigida ya sani?"
Na ce, "Da aka ɗauke ni aiki, hannun wa aka sa?"
Ya buga hatimi bai ƙara ba.

Takardun makaranta na kai wa Yaya Manu,
da ta gonar da Inna ta bar mini,
ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin farin kaya.
Kawu Jauro ya ji komai, da kwanan wata,
don kada a ce mafarki na yi.
Aikina ne ya koya mini:
ba a yanke cibiya da garaje,
sai an ɗaure nan, an ɗaure can,
sannan almakashi ya shiga tsakani.

Ashirin da takwas ta zagayo.
Da gangan na karɓi aikin dare.
An ce ya girgiza wayar, ya zagi sabis,
ya hau tsani yana neman sanda ɗaya.
Ni kuwa ina riƙe da wata jaririya, jina-jina,
aljihuna ya yi rawa.
Ban duba ba sai da ta yi kuka.

Ban san me gobe ta dafa ba.
Za a yi zama, za a ce na yi taurin kai,
wani zai jawo haƙuri ya shimfiɗa mini.
Jakata dai tana gidan Rifkatu.

Da gari ya waye
na biya mai kemis bashin Inna,
ya daɗe yana neman shafin.
Na tsaya bakin Tashar Dukku
na ce a zuba mini awarar ɗari uku,
yaji da yawa.
Na ci a tsaye, da ɗumi.
Ban rantse wa kowa ba.