Ƙarya a Tsohon Bokiti

Daga tsaunin Keita na ɗauko ta,
ba ta fi babban yatsana ba.
Na naɗe ta cikin hular aiki,
na riƙe ta a cinya har Tawa.

Na huda gindin tsohon bokiti,
na zuba tsakuwa da rairayi,
gawayi kaɗan, busasshen kashin raƙumi.
Sai na yi kuskuren mai son abu:
ruwa da safe, ruwa da marece.
Kwana ashirin, gindinta ya yi laushi
kamar kabewar da aka manta a ɗaka.

Na tone ta, na yanke ruɓar da aska,
ruwan jikinta ya ɗiga a hannuna.
Gwamma ta ce, "Wanke maza, dafi ne,
da shi kakana ke shafa kibiya."
Mako guda tana shanye a inuwar zaure,
ina wuce ta kaina a sunkuye.

Ta yafe mini.
Tun ranar muka ƙulla sharaɗi:
moɗa ɗaya ran Lahadi, in na dawo kasuwa,
in damina ta kankama in ja ta ƙarƙashin rumfa,
sauran kwanaki in bar ta da rana,
in rage mata yawan leƙe.

Watan da ƙarfen ƙofa ke ƙona tafi,
bakin tabkin Babaye ya tsattsage,
awaki na tauna kwali a Bilbis,
ta zubar da ganye sarai.
Na ce shi ke nan.
Sai ga fure bisa reshe tsirara,
leɓe ja, maƙogwaro fari,
goma sha ɗaya, na ƙirga sau biyu.

Tsahiru mai faci ya leƙo ta katanga:
"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Da zogale ka dasa, da kun ci kwaɗo."
Shekara shida yana faɗa,
shekara shida ina ba shi shayi.

Bana ta fidda ƙaho biyu
kamar na ɗan maraƙi.
Na ɗaure su da zaren buhu, na jira.
Jiya suka tsage,
iri mai gashi ya cika mini tafi,
ɗaya ya kuɓuce, iska ta ɗauke shi
ta haura da shi katangar Tsahiru.

Ban kira shi ba.
Damina za ta gaya masa.