Kafin Shayi Ya Huce

Shekara talatin ina yanka mutane da almakashi,
ban taɓa zubar da jini ba.
Kai daga nan, kafaɗa daga can,
ƙaro a gwangwanin madara, kwali a cinya,
in jera su kamar tumatir a faifai
ranar kasuwar Gujungu.
Kalandar manoman riɗi kan ci mini kwana tara,
na goma na ciwon wuya ne.

Bana Hansatu ta dawo daga Dutse
da kwamfuta mai tsagaggen murfi.
Ta jona ta da solar shagon caji,
ta ce, "Baba, sau ɗaya ake koya mata.
A faɗa mata faɗi, a faɗa mata tsawo,
gida nawa a jere, tazara nawa a tsakani,
saura kuma aikinta ne."
Ta zuba hoto ɗari da sha huɗu a jaka guda,
ta danna.
Kafin shayin Ilu ya huce
mutanen garinmu sun yi sahu,
babu gardama, babu "matsa mini".

Na ce to. Na ɗauko tabarau.

Ta sa Jatau kusa da Nomau,
su da rabonsu da gaisawa
tun rikicin iyakar gona a fadama,
ga su kafaɗa da kafaɗa, har da murmushi.
Ta sare wa Sarkin Noma rabin hula.
Ta ba akuyar Tabawa gida guda sukutum
tsakanin ma'aji da magatakarda,
don ta leƙo cikin hoto
kuma idonta ya fi na uwar ɗakinta haske.
Na yi dariya har na ƙware.
Na'ura ba ta san gaba ba,
ba ta san wa ke bin wa kuɗin taki ba,
ba ta san wanda ake ɗorawa a sama ba
ko da hotonsa ya yi duhu.
Wannan karatun a yatsuna yake,
da shi na ci tuwo.

Hansatu ta ce, "Da saura.
Tana iya tara fuska ɗaya a wuri ɗaya."
Ta taɓa goshin ƙaninta Mati.
Sai ga Mati da kayan makaranta,
Mati kan keke, Mati da damin gero,
Mati ya rufe ido don rana,
sai na ƙarshe, fari da baƙi, gefe ya sha ruwa:
yayana Shekarau,
wanda kogin Haɗeja ya tafi da shi
shekara shida kafin a haifi yaron.
Ni na ɗauki hoton, da kyamarata ta fari.
Ashe Hansatu ta kwafe shi da waya
daga ƙasan adakata.

"Kuskure ta yi, bari in cire."
Na riƙe mata hannu.

Shekara sha tara ina kallon yaron nan,
wani abu na motsi a ƙirjina, ban san sunansa ba.
Goshin ne. Da yadda leɓe ke karkata hagu
in dariya na tafe.
Ni da fuska ce sana'ata, ban gani ba,
ko kuwa na gani na kau da kai.

Bayan isha muka gyara kalandar.
Hular Sarkin Noma ta dawo,
akuya ta koma turkenta.
Jatau da Nomau na bar su inda ta ajiye su,
in suna da magana, sun san ƙofata.

Wancan shafin kuwa a Ringim aka bugo mini.
Yana jingine bayan gwangwanin ƙaro
da ya bushe har ya tsage.
Almakashin yana wurin Uwale,
ta ce ya fi nata cin atamfa.