Tifa Bakwai

Da asuba muka hau tudun bayan Bwari,
ni da shebur, Barau da diga.
Mai tifa ya ce ƙasar ja ce, ba tsakuwa,
magina a Gwarimpa na rububinta.

Tudu na zata.
Sai da rana ta ɗaga na ga ashe tafiya yake:
ya fito daga gindin dutse, ya lanƙwasa bayan ɗorawa,
ya tsallake rafi, ya kamo dutsen ta ɗaya gefen,
kamar wanda ya rungume wani abu
ya manta bai saki ba.
Gara ba ta gini haka.

Tsoho Shekwolo ya zo da akuyarsa,
ya tsaya bakin kwarin da ciyawa ta cike.
Ya ce, nan gwalalo ne, can ƙofa,
mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace.
Kakar kakata ta ɗauko ƙasar nan a kafaɗa,
ƙwarya ƙwarya, rani uku,
don a daina ƙirga yara kowace safiya.
Bai ce mu bari ba.
Ya ja igiyarsa ya wuce.

Wajen la'asar diga ta ɓanɓaro curi guda,
busasshe, mai tauri kamar ƙashi,
da sawun yatsu biyar a jikinsa.
Na sa hannuna a ciki.
Ya yi mini kaɗan. Na yarinya ne,
ko na wanda yunwa ta rage.

Ban san su wa aka tare a nan ba.
Wataƙila daga wajenmu suka zo,
da igiya a ɗaure a ƙugu,
ganuwa ta mayar da su hannu rabbana.
Ni ga shi na shigo, ko kibiya babu,
da shebur ɗin aro,
ina kwashe ta a kuɗin wake da shinkafa.

Tifa bakwai muka yi.
Za ta zama cikon harsashin katangar wani,
mai waya a ka, da maigadi, da kare.
Ƙasar da ta saba tsaro ba ta huta ba,
ubangida kawai ta sauya.

Curin kuwa na naɗo shi a riga.
Ƙofar ɗakinmu ba ta da sakata.
Da shi nake tokare ta in za mu kwanta.