Ƙarfe Uku a Bradford

Ƙarfe ukun dare, Bradford ta yi tsit,
yayyafi na bugun taga.
Misis Pickering, gado na bakwai,
gyambon kwanciya ya ƙi rufe baki.

Shayina ya huce gaban kwamfuta.
Na jefa kalmomi uku cikin rumbun bincike,
takardu dubu huɗu suka amsa.
Na tankaɗe, na rairaye,
na zubar da dusa, har da "an ce".
Tara suka rage,
biyu ma ba sa ga maciji.

A gida, Gwaggo Tabawa takan ce zuma.
Ga zumar kuwa a shafi na bakwai,
da lissafinta, da "wataƙila" a gindinta.

Ƙararrawa.
Lokacin juya tsohuwa ya yi.