Babi na Huɗu, a Kongolam

Na baro Katsina da asuba, jaka a kafaɗa,
Shafi ɗari biyu, ban gama babi na huɗu ba.

Dakta Maikuɗi ya ja jan biro a gefe:
"Kin faɗi ƙarfi, Hurera, ba ki faɗi yarda ba.
Ƙasa takan fi maƙwabta soja da kuɗi da mai,
Me zai sa su bi ta ran da ba a tsare su ba?"

Na sauka Daura, na hau kabu-kabu zuwa iyaka.
Sanda a gicciye, manyan motoci sun yi layi,
Albasa na tsiyaya, kwana tara ba a buɗe ba.

Wani tsoho, Nomau, dillalin raƙuma a Mai'aduwa,
Yana ɓare goro a gindin taya, bai ko dube ni ba.
Na karanta masa tambaya da Hausar makaranta:
"Shin halaccin jagorar yanki..."
Ya ce, "Ɗiyata, ban gane ba."

Na ce, "Babbar ƙasa, ga ƙanana kewaye da ita."
Ya ce, "To, wa da ƙanne. Ai ba baƙon zance ba.
Yayanmu Gagare ya fi mu shanu, ya fi mu murya.
Ran da ya rufe rijiya don fushi da ɗayanmu
Duk mun durƙusa, don ƙishi bai san zuciya ba.
Amma tun ran nan, rigimar gona ko ta gado,
Sai mu kai wa kawu can Matamaye,
Shi dai ba mu ƙara kai masa ba.
Babba juji ne. In ya ƙi a zuba masa,
Tudu ne kawai, ba mu taɓa zuwa gaida tudu ba."

Na ce, "Baba, zan sa sunanka a ƙasan shafi."
Ya ce, "Sa mai albasar can, ni ban yi asara ba."

A hanyar komawa, rikoda bisa cinyata,
Na tuna littattafan da na yi wa jaka nauyi da su.
Sun ƙirga bindiga, sun auna gangar mai,
Ba su tambayi wa ake kai wa ƙara ba.

Gobe Dakta zai ce, "Ina madogara?"
Suna: Nomau. Shekara: bana.
Maɗaba'a: ba a buga ba.