Tafiretar Arzika

A Jega, bayan rumfar masu albasa,
nake da tebur da tafireta tun gashina yana baƙi.
Koke nake bugawa, na gado, na gona, na bashi.
Ban taɓa rubuta dokar ƙasa ba,
amma duk wadda aka ƙulla can sama
sai ta biyo ta ƙarƙashin yatsuna.

Zamanin kaki da asuba doka take zuwa.
Badujala a rediyo, sai murya guda,
kafin Ige ta sauke koko an gama.
Wanda ya rubuta shi ya sa hannu,
shi ya karanta, shi ya ce ta yi.
Ran nan Nomau ya zo in buga masa ƙara,
na ce, wa za ka kai, kuma gaban wa?
Ya karɓi takardar ya ƙunshe goro.

Da aka tuɓe kaki aka sa babbar riga
sai muka ji wai shugaba ma jira yake.
Ya aika ƙuduri, ya tsaya bakin zaure,
karatu na ɗaya, karatu na biyu,
kamar mai jiran kwale-kwale a mashiga.
Na yi dariya har na ɓata layi.
Wata shekara ya noƙe alƙalaminsa,
majalisa ta ƙirga kawuna, biyu cikin uku,
doka ta wuce shi yana tsaye.
Ranar ban karɓi kuɗin aiki ba.

To, mai ƙarfi ba ya ɓata hanyar gida.
Jikata Kulu, mai karatun lauya, ta ce
yanzu walima yake kiran su da dare,
ƙuduri ya shiga da hantsi ya fito kafin la'asar.
Wani ma umarni ne, ko zauren ba ya leƙawa.
Kaka, in ji ta, ƙasa ba ta jiran gardama.
Na ce albasar da aka cire ɗanya
kafin ta kai kudu ta ruɓe a buhu.
Ta ce, wadda aka bari har ruwa ya ci fa?

Ban amsa ba. Na gyara zaman takarda.
Harafin farko na doka ya cinye a tafiretar nan,
in na buga, gurbi yake bari,
sai na sa tabarau na cike shi da biro.