Aji Marar Rufi

Ranar Laraba Malama Kachollom ta rufe littafi,
ta ce mu tashi, ajin yau ba shi da rufi.
Muka bi ta bayan ɗakin gwaji
inda janareta ke tari tun safe,
muka tsallake kwata, muka ratsa gonar kabeji
har bakin ramin da kakana ya haƙa.

Ba shi kaɗai ba. Su dubu ne,
kwano a ka, diga a hannu, sule a ƙarshen mako.
Kuzar ta hau jirgin ƙasa daga Bukuru ta tafi,
ramin ya zauna, ya cika da ruwan sama,
kore shar, shiru,
kamar wanda aka ci bashinsa aka sauya gari.
Yara uku ya haɗiye tun da na yi wayo.

Malama ta miƙa wa Tasi'u kwalba, ta ce ɗebo.
Muka ɗaga ta a rana.
Nuratu ta ce, ai garau yake.
Malama ta ce, ido ya san kima,
amma ba ya ganin dalma.
Da ruwan nan ake ban-ruwan karas ɗin
da kika saya jiya a Farin Gada.
Nuratu ta daina tauna.

Mako na gaba sharar kantin muka auna.
Ledar ruwa buhu goma sha ɗaya cikin kwana biyar,
ɓawon dankali, ragowar tuwo, takardun jarrabawar bara.
Baba Mudi mai shara ya jingina da baro yana dariya:
shekara ashirin ina kwasarta,
yau ne na ga an ba ta maki.

Shi ya nuna mana yadda ake dafa ƙasa.
Toka tukuna, sai ɓawo, sai kashin kaji,
a lulluɓe da ciyawa, a bar shi ya yi zazzaɓi.
In ka sa hannu ka ji ɗumi, yana da rai.
Malama ta rubuta sunansa a kan allo,
can sama, wurin da ake sa sunan mai lacca.
Ya duba, ya duba,
ya ce a karanta masa.

Mun dasa fiya arba'in a gefen filin ƙwallo.
Awakin maƙwabta suka ci ashirin da shida.
Ofis ya ce babu kuɗin waya a kasafin bana,
a rubuto takarda, a kawo kwafi uku.
Sai Choji ya je Kuru wurin gyatumarsa
ya dawo da ƙerana cike da bayan Keke,
muka kafa shinge, ƙaya ta sha jininmu,
goma sha huɗun suka tsira.

Ba na so in yi ƙarya.
Janareta na nan da tarinsa.
Farantan sola huɗu ne kawai a rufin laburare,
ɗaya ma tsawa ta taɓa shi.
Famfon masaukin maza yana ɗiga tun zangon farko,
mun dai tara masa bokiti,
bokitin ke shayar da fiya.

Duk Laraba ina sauka bakin ramin
da kwalba da littafin lissafi,
in rubuta lamba a ƙarƙashin lambar makon jiya.
Wani lokaci ta sauka, wani lokaci ta ƙi.
Kakana ya haƙa, an biya shi sule.
Ni ba zan iya cikewa ba, na sani,
hannu biyu ne da ni, da baron aro.

Amma jiya da sanyin Jos ya hana kowa fita
na cusa hannu cikin tarin takin Baba Mudi
har gwiwar hannu,
na ji ɗumi.